Yadda Ake Haɗa Bidiyon Minti Ɗaya Kan Abin da Waya Ke Yi wa Aljihu da Zaman Jama'a

Shekarun baya, kowace mararraba a Garwa ko Marwa tana da mai kolbos a ƙarƙashin lema, ana biyansa a yi kiran minti ɗaya. Yau yawancin lemomin nan sun koma wurin turawa da cire kuɗi. Mai albasa a Marwa yana jin farashin Duwala tun kafin a ɗinke buhu. Ɗan da ke aiki a Yawunde yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, su isa kafin ta sauke waya daga kunne. Ta wannan ƙofar kuma ɗan damfara ke shigowa da saƙon ƙarya, cacar ƙwallo ta cinye wunin ɗan moto, hoton yarinya ya fita daga waya ya lalata mata maganar aure. Jama'a na cikin abin tsundum, amma ba kowa ya taɓa zama ya lissafa abin da ya samu da abin da ya rasa ba. Gajeren bidiyo yana iya sa mutum ya yi wannan lissafi, muddin an haɗa shi daidai da wayoyin da ke hannun mutanenmu da kuma yadda suke tura wa juna abu.

Mataki na farko: magana ɗaya tak

Bidiyon da aka yi kan "illolin fasahar zamani" gaba ɗaya ba ya zama a ran kowa. Kafin ka taɓa kyamara, rubuta jimla ɗaya a takarda: "Wanda ya kalli wannan zai daina kaza," ko "zai fara kaza." In ka kasa cike gurbin da aiki guda wanda mutum zai iya yi da hannunsa yau, ba ka shirya ba tukuna. "Zai duba ragowar kuɗinsa kafin ya mayar wa wani kuɗi" jimla ce mai aiki. "Zai fahimci haɗarin intanet" iska ce.

Batutuwa suna wurin waɗanda jama'a ke kai wa kukansu: mai rumfar Orange Money ko MoMo, mai gyaran waya, mai caji, mai tura waƙoƙi da wa'azi a memori, malamin makaranta, shugabar ƙungiyar adashi. Je ka zauna da mutum goma irin waɗannan, ka yi musu tambaya ɗaya: wace matsala aka fi kawo muku a makon nan? Abin da uku suka maimaita ba tare da sun ji juna ba, shi ne bidiyonka na farko.

Kada duk bidiyonka su zama gargaɗi. In mai gida ya ga bidiyo biyar a jere duk suna cewa waya masifa ce, abin da zai yi shi ne ya ƙwace wayar matarsa ko ta 'yarsa, alhali da ita ake sayar da turaren wuta da ɗinki a status. A cikin kowane bidiyo uku, ɗaya ya nuna riba: dillalin shanu a kasuwar Adumri yana tura wa mai saye hoton bijimi, ko baduku a Marwa da ya samu ciniki daga wani gari ta WhatsApp, da matakan da ya bi har kuɗi suka shigo lafiya.

Mataki na biyu: tabbatar da kowace lamba

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne hukunci yake. A Kamaru, dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10 ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwa alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba. Don haka kalmar "an ce" ba ta da wuri a rubutunka. Duk abin da ba ka gani da idonka ba, ko ba ka ji daga mutum biyu da ba su san juna ba, cire shi.

Lambar da ta fi ƙarfi ita ce wadda mai kallo zai iya sake lissafawa da kansa. Tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da cire kuɗi ta waya a Kamaru: sefa 200 ke nan a kan 100,000 wajen turawa, wasu 200 wajen cirewa, ban da abin da kamfanin ke karɓa nasa. Kuɗin kamfani yana sauyawa, saboda haka ka je rumfa ka ɗauki hoton takardar farashi ranar da za ka yi aikin, ka kuma rubuta wata da shekara a gefen bidiyon. Bidiyo yana daɗewa yana yawo. Bayan shekara biyu wani zai gan shi ya ɗauka na jiya ne.

Haka ma maganar caca. Ba ka buƙatar wani ƙiyasi na ƙasa baki ɗaya. Sefa 500 kullum, sefa 15,000 ne a wata, 182,500 a shekara. Ka tafi kasuwa ka tambayi abin da 15,000 ke saye a ranar, ka jera shi a kan tabarma, shinkafa ce ko mai ko littattafan makaranta, ka ɗauka. Wannan jerin ya fi dogon wa'azi shiga zuciya.

Mataki na uku: rubutun

Mai magana a natse yana furta kalma biyu zuwa biyu da rabi a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan kalma 120 zuwa 150, kuma gara ka tsaya a 120 don hoto ya samu wurin numfashi. Raba lokacin haka: daƙiƙa 3 na farko abin ya riga ya faru, ba sallama mai tsawo, ba tambarin ƙungiya. Daga nan zuwa daƙiƙa 25 a ga yadda aka yi. Zuwa 45 a bayyana dabarar da ke ƙarƙashi. Sauran lokacin na abin da mutum zai yi ne, a faɗe shi sau biyu. Sallama ba a barinta, amma a gajarce ta, ko mai bayani ya yi ta lokacin da fuskarsa ta fara bayyana.

Ga yadda za a iya tsara na damfarar "na yi kuskuren turawa". Hoto ya buɗe da hannun dattijuwa riƙe da waya, saƙo ya shigo cewa an turo mata 25,000. Waya ta yi ƙara.

"Hajiya, don Allah ki rufa mini asiri. Kuɗin maganin yarona ne, na yi kuskuren lamba. Ki maido mini."

"Ayya, ɗana, Allah ya ba shi lafiya. Bari in sa a maida maka."

Jikanta ya karɓi wayar: "Tsaya, Kaka. Dubi inda saƙon ya fito. Lambar mutum ce, ba sunan kamfani ba. Mu duba kuɗinki tukuna."

Ya danna lambar duba asusu, #150# in Orange ne, *126# in MTN ne. Ragowar kuɗi ba ta ƙaru da ko dala ba. Sai mai bayani ya fito: saƙon shi ɗan damfarar ya rubuta da hannunsa, in ta "maida", daga kuɗinta za su fita. Kafin ka maida wa kowa kuɗi, duba asusunka. Kuma lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Ka lura, ba a mai da dattijuwar wawuya ba. Tausayi ne ya ja ta, kuma shi ɗan damfara ke nema. In bidiyo ya yi dariya ga wanda aka cuta, waɗanda abin ya taɓa faruwa da su za su ƙara yin shiru, su ne kuma ya kamata su fi kowa tura shi gaba.

Batun harshe yana buƙatar shawara tun yanzu. A Garwa, Marwa da Ngaundere Fillanci ne harshen kasuwa, a Kusseri da Njamena kuma Larabcin Chadi. Kada ka cusa harsuna uku a bidiyo ɗaya. Ka ɗauki hotunan da ba sa buƙatar ganin baki, wato hannu, allon waya, kuɗi, rumfa, sannan ka naɗi muryar bayani daban a kowane harshe. Da aiki ɗaya ka samu bidiyo biyu ko uku. Kalmomin da mutane suka saba, irin su rezo, kiredi da mega, ka bar su yadda ake faɗinsu. Kalmar da ka ƙago wadda ba wanda ya taɓa ji za ta tsayar da mai sauraro yana tunaninta, bayani ya wuce shi.

Mataki na huɗu: izini

Ba a shiga kasuwa ko unguwa da kyamara sai an gaida masu wurin. Ka fara da sarkin kasuwa ko mai unguwa, jauro ko lawan, ka faɗi abin da za ka yi a sarari. Ga wanda za ka ɗauka kuma ka gaya masa inda bidiyon zai je: "Baba, wannan zai shiga WhatsApp da Facebook, kuma in ya fita ba mai iya dawo da shi. Ka yarda a ga fuskarka, ko muryarka kawai za mu ɗauka?" Ka naɗi amsarsa a farkon ɗaukar, ka adana. Matar aure, a yi magana da ita da kuma gidanta, kuma mace ce ta fi dacewa ta ɗauke ta. Yaro ba a ɗaukarsa sai da yardar iyaye. Tun Disamban 2024 Kamaru na da dokar kare bayanan mutane, don haka suna, lamba da fuskar wani ba kayan wasa ba ne.

Wanda aka damfara da gaske, mafi alheri a ɓoye shi: a ɗauki hannuwansa ko bayansa, ko wani ya karanta maganarsa. In kwaikwayo kuka yi, rubuta "kwaikwayo ne" a kan hoton daga farko har ƙarshe. Bidiyo yana rabuwa da bayaninsa da zarar an tura shi sau biyu, kuma yaron da ya fito a matsayin ɗan damfara yana iya haɗuwa da fushin mutane a tasha. Shingen jami'an tsaro, bariki, gadar Ngeli da ke tsakanin Kusseri da Njamena, duk ba wuraren ɗaga waya ba ne, musamman a jihar Arewa Mai Nisa.

Mataki na biyar: kayan aiki, sauti a gaba

Tecno, Infinix ko Itel mai kyamara mai kyau ta isa. Abin da ke kashe bidiyo sauti ne. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. In akwai kuɗin abu ɗaya kawai, a sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Ka duba bakin wayarsa: na waya yana da zobe uku baƙaƙe, mai zobe biyu na kyamara ne, kuma sau da yawa waya ba ta jinsa. In wayarka ba ta da ramin abin sauraro, nemi mai shiga ramin caji. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya daga baki, kada mayafi ko rawani ya riƙa gogarsa. In babu makirufo, abin sauraro mai igiya yana aiki, ko a sa waya ta biyu a aljihun gaba tana naɗar murya. A tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don a samu wurin daidaita murya da hoto.

Kafin a fara, naɗi daƙiƙa 10 ka saurara da abin kunne. Janareto, injin niƙa, fanka da moto su ne abokan gaba, kunne ya saba da su har ba ya jinsu, makirufo kuwa ba ya yafe musu. Ka san lokutan kiran salla ka tsara aikinka a tsakaninsu. Lokacin hunturu iska na bugun makirufo, sai a rufe shi da ɗan soso, a kuma juya wa iskar baya.

Sauran kaya: abin tsayar da waya mai ƙafa uku, ko buhu da littattafai a jingina ta, da batirin ajiya a cike, domin wutar lantarki ba a yi mata alkawari. Minti ɗaya na hoto mai 1080 (ma'aunin tsabtar hoto a saitin kyamara) yana cin mega 100 zuwa 130 a yawancin wayoyi, kuma don samun minti ɗaya mai kyau za ka ɗauki kamar minti 15. Ka tanadi giga 3 a fili.

Mataki na shida: ɗauka

Waya a tsaye, 9:16. Sa ta a yanayin jirgi don kira kada ya yanke ɗauka. Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka, domin ƙurar hazo da zufar yatsa ne ke sa hoto ya yi fari kamar hayaƙi. Danna fuskar mutum a allo ka riƙe har haske da saiti su kulle. Kada ka jawo hoto da yatsa, ka matsa da ƙafarka.

Haske mafi kyau daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe ne, da kuma bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa ramin ido ya yi baƙi. In dole ne, a shiga inuwar dalbejiya ko zaure, haske ya zo ta gaban mutum. Wanda ya juya wa ƙofa baya inuwa kawai za a gani. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya tana yin zafi ta tsayar da kyamara da kanta. Cire mata riga, kada ka ɗauka tana caji, kowace ɗauka kada ta wuce minti biyu, a tsakani ta huta a inuwa. In kana ɗauka a ɗaki da fitilar lantarki ka ga layuka na rawa a hoto, saboda wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce. In wayar ta ba da zaɓi, koma hoto 25 a daƙiƙa maimakon 30, in ba ta bayar ba, kashe fitilar ka buɗe taga.

Ga kowane wuri ɗauki iri uku: na nesa da ke nuna rumfa da titi, na tsakiya daga ƙirji zuwa kai, da na kusa sosai, wato yatsa a kan madanni, kuɗi na sauya hannu, littafin mai rumfa. Kowanne daƙiƙa 8 zuwa 10 ba motsi. Na kusa su ne za su cece ka wajen haɗawa, da su ake rufe wurin da aka yanke magana.

Allon waya shi ne rabin labarin irin wannan bidiyo, kuma shi ya fi saurin tona asiri. Yi amfani da layin gwaji da ƙaramin kuɗi. Saƙon damfara na gaske, ka sake rubuta shi da lambar da ba ta cika ba. Kada a taɓa ganin yatsa na danna lambar sirri, ko da ta gwaji ce.

Mataki na bakwai: haɗawa

CapCut, VN ko InShot, kowanne ya wadatar. Fara da murya: jera maganar, yanke "to", "wato" da dogon shiru, har ta tsaya a daƙiƙa 55 zuwa 60. Sannan ka ɗora hotuna a kai, ana sauyawa duk daƙiƙa 3 zuwa 4. Kiɗa ba dole ba ne. Da yawa daga cikin dattawa da malamai ba za su tura bidiyo mai kiɗa ba, waƙar wani kuma tana iya sa Facebook ko YouTube su kashe sautin. Hayaniyar kasuwa a ƙasa-ƙasa ta isa.

Rubutun ƙasa wajibi ne, domin mutane da yawa suna kallo ba sauti, a cikin mota ko a wurin aiki. Layi biyu, kowanne kada ya wuce haruffa 30, fari mai baƙin gefe, ya tsaya aƙalla daƙiƙa 2. Ka rubuta da hannunka. Gboard na da madannin Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ, amma ba kowane salon rubutu ke nuna su ba, wani sai ya sa akwati a wurinsu. Gwada kalmar "ƙarƙashi" da "ɓarawo" kafin ka rubuta sauran, in sun lalace sauya salo. Ajiye rubutu da fuska a tsakiyar allo, domin TikTok da Facebook suna rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa da gefen dama da maɓallansu. Duk da haka kada saƙon ya dogara ga rubutu, tunda akwai masu karatun ajami kawai, akwai waɗanda ba sa karatu. Abin da aka rubuta, a kuma faɗe shi da baki.

Fitar da kwafi biyu. Babba mai 1080 don TikTok, Facebook da YouTube. Ƙarami mai 720 don WhatsApp: in ka sa ƙarfinsa a megabit 1.5 a daƙiƙa, minti ɗaya zai tsaya wajen mega 12. Wannan ƙaramin shi ne mai tafiya nesa. Wanda ya sayi mega na sefa 100 yana duba nauyin bidiyo kafin ya sauke.

Mataki na takwas: gwaji da rabawa

Kafin ya fita, nuna wa mutum biyar irin waɗanda aka yi dominsu, ba abokan aikinka ba: dattijuwa, ɗan moto, 'yar makaranta, ɗan kasuwa, malami. A ƙaramar waya, a wuri mai hayaniya. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ka ce: "Me bidiyon ya ce ka yi?" In biyu cikin biyar suka kasa faɗa, koma kan rubutun.

Wajen rabawa, hannun da abu ya fito daga gare shi ya fi yawan mabiya muhimmanci. Bidiyon da limami, shugabar adashi ko shugaban 'yan moto ya tura wa rukuninsa ana kallonsa har ƙarshe. Ka kai musu da kanka, ka nemi su tura. WhatsApp ba ya barin a tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, don haka mutum ashirin masu turawa sun fi mutum ɗaya mai ƙoƙari. Sa shi a status bayan sallar isha, lokacin da aka zauna. Kai wa masu caji da masu tura abubuwa a memori, su zuba wa mutane ta Xender ko Bluetooth, musamman ranar kasuwa irin ta Lahadi a Pitowa, inda mutanen ƙauyukan da rezo bai kai ba suke haɗuwa. Mutanen Chadi sun san darajar wannan hanya: daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, wata goma sha shida. Ka ajiye asalin kowane bidiyo a memori biyu, ɗaya ba a cikin waya ba.

Bayan ya fita

Yawan kallo ba ya nuna an amfana. TikTok da YouTube suna nuna daƙiƙar da mutane suka fi barin bidiyo, ka duba ta: in a daƙiƙa 3 ne, buɗewar ce ba ta kama ba, in a tsakiya ne, bayani ya yi tsawo. Bayan mako biyu koma wurin mutum goman da ka fara tambaya, ka ji ko wani ya ambaci bidiyon, ko an zo duba asusu kafin a maida kuɗi. Tambayoyin da aka yi maka a ƙarƙashin bidiyo ka rubuta su a littafi, daga cikinsu na gaba zai fito.

In aka gano kuskure, ko farashi ya sauya, gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin kwafin na cikin wayoyin mutane. Yi sabo na daƙiƙa 20 da fuska ɗaya da murya ɗaya, a faɗi abin da aka gyara da ranar gyaran, a bi da shi ta hannun mutanen da suka tura na farko, rukuni bayan rukuni.